Jigo da Ratse: Abin da Tsufa Ke Yi wa Magana, da Tarihin da Ya Rage a Bakin Dattawan Kura

Akwai tambayar da amsarta a takarda ba ta wuce lambobi huɗu ba, amma a bakin dattijo takan ci rabin yini. A samu wani tsohon manomi a Kura, ko Bunkure, ko Kadawa, a gaishe shi yadda ya kamata, sannan a ce, "Baba, wace shekara ruwan kanal ya fara shiga gonarku?" Da wuya ya ambaci shekara. Mai yiwuwa ya fara da wata ɗorawa da ke bakin gonar mahaifinsa, daga nan ya koma kan mutanen da suka zo awo, sai ya tuna a wannan daminar aka aurar da ƙanwarsa, daga zancen aure kuma ya faɗa batun tsadar turkuɗi. Jikokin da ke gefe za su kalli juna. Ɗaya zai matso kusa da baƙon ya ce, "A yi haƙuri, tsufa ne."

Wannan hukunci na jikoki ya wuce abin murmushi a zaure. Da shi ake daina sauraron mutum a cikin gidansa. Da shi ake ajiye shaidarsa gefe idan rigimar iyaka ko rabon gado ta taso. A yankin noman rani na Kura da Bunkure kuwa asarar ta fi haka, domin waɗannan dattawa su ne na ƙarshe da suka ga ƙasar kafin a sake mata fasali.

Ƙasar da aka sake zanawa

An kafa Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Gwamnatinsa ta gina madatsar ruwa ta Bagauda, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya galabaitar da ƙasashen Sahel. Daga Tiga ruwa ke gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da injin ɗaga ruwa ba, har ya rarrabu a filayen da a yau suke cikin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Bayan da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna a 1976, aikin ya koma hannun Hukumar Haɗeja da Jama'are.

Ruwan da ke tafiya da kansa yana bukatar ƙasa mai laushin gangare, saboda haka sai da katafila ta bi gonaki. An sare itatuwa, an baje kunyoyi da iyakoki, aka sake raba filin bisa layukan injiniyoyi. Hukuma tana son a shuka alkama da shigowar sanyi, manoma kuwa suna son dawarsu, wadda ba ta barin gona sai lokacin shukar alkama ya kusa wucewa, aka daɗe ana wannan ja-in-ja. Masu bincike sun rubuta wani sashe na labarin tun yana da ɗumi. Tina Wallace, wadda ta yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ta nazarci yadda shirin ya shafi ƙananan manoma. Sam Jackson ta wallafa maƙala a 1978 a kan yajin aikin da matan Hausawa, akasarinsu manyan mata da suka fita daga kulle, suka yi a gonar wani kamfanin Turai da ke noman kayan lambu domin fitarwa waje. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun fitar da littafinsu The Wheat Trap a 1985, a kan yadda Nijeriya ta kamu da cin burodi alhali noman alkama na ba ta wahala.

Duk waɗannan da Turanci aka rubuta su, kuma tambayoyin masu binciken suka amsa. Matan da suka yi wancan yajin aiki manya ne tun a lokacin. Saurayin da yake da shekara 25 ranar da aka kammala Tiga, yau ya haura 75. Abin da ya rage na wannan tarihi ta fuskar mai gona yana cikin bakin da ake cewa ya fara sakin layi. Shi ya sa ya dace a san abin da tsufa ke taɓawa a cikin magana, da abin da yake bari.

Zarar bunu

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, suna nufin idan ta fita ba ta komawa. Amma hoton yana ɗauke da wata ma'anar: bunu dami ne, mai zara kuma tsinke ɗaya yake cirowa ya bar sauran. Masanin harshe ɗan ƙasar Holan, Willem Levelt, ya shimfiɗa wannan a littafinsa Speaking na 1989. A wurinsa magana tana bi ta matakai uku. Da farko mutum ya tsayar da abin da zai faɗa, sannan ya nemo masa kalmomi da ginin jimla, sannan harshe da leɓe su furta. Mutane sun fi lura da matsalar mataki na biyu, wato ka san mutum sarai amma sunansa ya maƙale a bakinka, abin da kowa ya san yana ƙaruwa da shekaru. Matakin farko ya fi ɓuya, domin yana faruwa kafin a ji sautin komai.

Likitocin ƙwaƙwalwa ne suka fara gano cewa wannan mataki aiki ne mai zaman kansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masanin Rasha Alexander Luria ya duba sojoji masu yawa da suka samu rauni a ka. A cikinsu akwai waɗanda suke iya faɗin sunan duk abin da aka nuna musu, suna iya maimaita jimla, suna amsa gajeriyar tambaya, amma da an ce su ba da labari sai su yi shiru. Kalmomi na nan, harshe lafiya lau, abin faɗa ne ya ƙi tsayuwa. Raunin irin waɗannan mutane yakan kasance a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu.

A 1998 Gail Robinson da abokan aikinta a Landan suka wallafa bayanin wata majinyaciya mai irin wannan larura, kuma gwajin da suka yi mata ya nuna inda gizo ke saƙar. Suna ba ta guntun jimla ta ƙarasa. Idan jimlar amsa ɗaya ce ke rinjaye a cikinta, tana ƙarasawa ba wahala. Idan kuwa amsoshi da yawa za su dace, sai ta kasa. A misalin Hausa, "Ya ɗauki buta ya yi…" kusan kowa zai ce alwala. Amma "Ya fita waje ya ga…" na iya zama akuya, ko hadari, ko mai bin sa bashi. Matar ba ta rasa abin faɗa ba. Abubuwan faɗa ne suka taso mata tare, babu wanda ya rinjayi wani, sashen da ke zaɓe kuma ya samu rauni.

Gaban ƙwaƙwalwa yana cikin sassan da shekaru suka fi saurin taɓawa, ko a jikin mai lafiya. Daga nan tambayar ta taso: ko tsufa ma yana rage ƙarfin wannan zaɓe, ko da kaɗan ne?

Jayayyar Kanada da Kalifoniya

Kafin a kai ga auna wannan, an daɗe a Turai da Amurka ana ɗaukar yawan tuna baya da tsofaffi ke yi a matsayin alamar ruɗewa. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ne ya ƙalubalanci wannan a 1963, inda ya ce waiwayar rayuwa aiki ne na ɗabi'a da mutum ke yi idan ya ga tafiya ta yi nisa.

A 1988 Dolores Gold da Tannis Arbuckle, tare da abokan aikinsu a Jami'ar Concordia da ke Montreal, suka fara auna abin. Suna yi wa tsofaffi tambayoyi a kan rayuwarsu, suna ƙirga sau nawa amsa ta bar hanya da kuma nisan da ta yi. Sun ga abin yana ƙaruwa da shekaru, ko da yake waɗanda ya yi wa yawa sosai 'yan tsiraru ne. A wannan shekarar ce kuma Lynn Hasher da Rose Zacks suka kawo ra'ayin da ya zama ginshiƙin bayani: abin da ke raunana da tsufa shi ne ikon danne tunanin da bai shafi aikin da ake ciki ba. Manomin Kura zai gane wannan da sauri. Ba a shayar da gona da buɗe ƙofar ruwa kaɗai, sai an toshe sauran hanyoyi, in ba haka ba ruwan ya bazu ko'ina ya kasa kaiwa ƙarshen fili. Daga baya Arbuckle da Gold sun nuna cewa tsofaffin da suka fi barin hanya a zance su ne suka fi samun wahala a gwaje-gwajen danne tunani.

Bayanin ya zauna daram har shekara goma. A 1998 Lori James da Deborah Burke da abokan aikinsu a Kalifoniya suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka sa matasa da tsofaffi su yi magana a kan abubuwa iri biyu: al'amuran rayuwarsu, kamar iyali da karatu, da kuma bayanin hotunan da aka ajiye musu. Tsofaffin sun fi barin hanya idan zancen rayuwarsu ne, amma a bayanin hoto ba su bar ta ba. Masu binciken suka ce in da birki ne ya lalace, ai da ya ƙi kamawa a ko'ina. Sannan suka ba wasu mutane rubutaccen zancen su auna shi, sai ga shi an fi yaba na tsofaffin ta fuskar daɗin ji da yawan abin ƙaruwa. Hukuncinsu shi ne manufar magana ce ta sauya: matashi yana ba da amsa, tsoho yana ba da ma'anar abin da ya faru.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga haɗa su. A 2018 Paul Hoffman da abokan aikinsa a Jami'ar Edinburgh suka sa mutane su yi magana na minti ɗaya-ɗaya a kan batutuwa daban-daban, suka yi amfani da kwamfuta wajen auna yadda zancen ke nisanta daga inda ya faro. Tsofaffi sun fi nisa. Waɗanda suka fi rauni wajen zaɓo ma'anar da ta dace daga cikin masu gogayya sun fi nisa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na uku: waɗanda suka fi tarin sani su ma sun fi barin hanya. A 2019 kuma Daniel Madden da Martin Sale da Gail Robinson, wadda ta koma Jami'ar Queensland a Ostireliya, suka gwada matasa 20 da tsofaffi 20. Tsofaffin sun fi jinkiri gaba ɗaya, amma tazarar ta fi faɗi a inda ake bukatar ƙirƙiro sabon tunani ko zaɓe tsakanin masu yawa.

Ma'anar wannan a fili take. Kalmar "gona" a kunnen ɗan shekara 20 tana tayar da abu uku ko huɗu. A kunnen ɗan shekara 78 da ya yi noma kafin kanal da bayansa, ya ga zamanin alkama, ya ga lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, ya ga tumatir na ruɓewa a Kwanar Gafan, ya ga shinkafa ta mamaye Kura, kalmar tana tayar da ɗaruruwa. Damin ya yi kauri, hannun da ke zara kuma ya rage sauri. Jikan da ya ce "tsufa ne" ya faɗi rabin gaskiya, ya bar rabin da ya fi amfani.

Ma'aunin wa?

Duk waɗannan gwaje-gwaje da masu jin Turanci aka yi su, a Kanada da Amurka da Birtaniya da Ostireliya, inda ake ganin kyawun amsa shi ne ta tafi kai tsaye. A ƙasar Hausa dattijon da ya faɗa kan batu ba shimfiɗa ana iya cewa ya yi garaje. Kunya tana hana ambaton sunan ɗan fari ko na miji, sai an kewaya. Maganar da ta shafi mai sarauta ko maƙwabci sau da yawa a cikin habaici ko karin magana take zuwa. Dattijon da aka tambaya yadda aka raba filaye, ya ɗauko labarin wata akuya da ta shiga gonar wani, mai yiwuwa ya amsa tambayar sarai ga wanda ya san mai akuyar. Kwamfutar Edinburgh za ta rubuta cewa ya saki layi.

Masu nazarin adabin Hausa suna da kalmomi biyu da suka fi dacewa da wannan. Babban saƙon waƙa ko labari shi ne jigo, fita daga kansa na ɗan lokaci kuma ratse. Ba su ɗauki ratse a matsayin aibi ba muddin mai magana ya san hanyar komawa. (Abin sha'awa ne cewa jigo kuma shi ne sunan sandar da ake ɗebo ruwa da ita a lambu, kafin zuwan kanal da injin ban-ruwa.) A nan ne ya kamata iyali su sa ido. Tsohon da ya yi ratse mai tsawo sannan ya ce, "To, ina muka tsaya? Yauwa, batun awo," yana riƙe da jigonsa. Wanda kuwa yake maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ko ya ɓata a unguwar da aka haife shi, ko ya kasa gane 'ya'yansa, wannan wata larura ce ta daban wadda ba kowane tsoho ke samu ba. Likita take bukata, kuma a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kiran duka biyun "gigin tsufa" yana cutar kowannensu: mai lafiya a daina jin maganarsa, mara lafiya a ƙi kai shi asibiti, wani lokaci ma, idan tsohuwa ce, a jefe ta da zargin maita.

Yadda aka taɓa saurara

Tarihin ƙasar Hausa ya riga ya ci moriyar ratsen tsofaffi. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa a 1877. Kimanin mako shida tana rubuta abin da Baba ke faɗa da Hausa. Littafin da ya fito a 1954, Baba of Karo, har yau da shi ake kafa hujja a kan rayuwar mata kafin zuwan Turawa da bayansa: harin masu kama bayi, zaman rinji, aure da saki, ƙawance, bori. Darajarsa tana cikin ƙananan abubuwan da takardar tambayoyi ba za ta taɓa tanadar musu gurbi ba. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Kura ma ta samu irin wannan. Tun kafin a san ta da shinkafa, an san ta da rini da bugu. Turkuɗi da rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura sun ratsa Sahara a hannun Buzaye. Philip Shea, Ba'amurken da ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya kammala kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan sana'a a ƙarni na 19, kuma ya dogara ƙwarai da hira da tsofaffin da suka gaji karofi. Yana tattara wancan tarihi ne a daidai shekarun da katafila ke buɗe sabon babi a gonakin garin.

Idan aka haɗa wannan da abin da gwaje-gwaje suka nuna, mai son ɗaukar tarihin shirin noman rani daga bakin dattawa yana tsakanin kurakurai biyu. Na farko shi ne tambaya mai faɗi, irin "Baba, ba mu labarin zamanin da." Ana ganin kamar girmamawa ce, alhali ita ce mafi nauyi, domin ita ce "Ya fita waje ya ga…": komai na iya zama amsa, sai tsoho ya yi jim, ko ya ɗauko labarin da ya saba bayarwa wanda kowa ya haddace. Na biyu shi ne takardar tambayoyi mai gurabe, wadda ke katse shi duk lokacin da ya karkata. Abin da ya fi dacewa da yadda ƙwaƙwalwar tsoho ke aiki yana tsakani: a ba shi abu ɗaya tabbatacce ya kama, sunan wani fili, ko tsohon hoto, ko a taka da shi zuwa bakin kanal, sannan a ƙyale shi ya tafi inda zancen ya kai shi. Idan ya yi shiru a jira, domin jinkirin daƙiƙa biyar sau da yawa aikin zaɓe ne ke gudana. Idan ya yi nisa a maimaita masa kalmarsa ta ƙarshe da ta shafi jigo, ba tare da an nuna masa ya kauce ba. Kuma kada a taru a kansa ana magana bibbiyu ga rediyo a kunne, tunda danne abin da bai shafi zance ba shi ne ainihin abin da ya yi masa tsada.

Sai a koma kan ɗorawar da aka fara da ita. A tsohon tsarin gonaki itace yakan zama alamar iyaka, kuma ɗorawa dukiya ce: daga kalwarta mata ke yin daddawa su sayar, garinta kuma abinci ne a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Taswirar injiniyoyi ta san lambar sashe da lambar fili, ba ta san sunan da mutanen gari ke kiran wurin ba, balle wanda ke da ikon kaɗe wace bishiya. Dattijon da aka tambaya shekarar zuwan ruwa ya fara da ɗorawa ya faɗi inda gonar take kafin a baje iyaka. Mutanen awo su ne farkon shigowar hukuma. Auren ƙanwarsa kuwa kwanan wata ne, domin akwai 'ya'yanta da za a iya ƙirga shekarunsu a gano daminar da yake nufi.